Waya Ta Ce Akwai Danshi

Kwana huɗu ke nan Mama ba ta taɓa bokiti ba, kuma kwana huɗun nan ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Ta shiga kicin, ta fito, ta leƙa bayan gida, ta dawo ta gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Babban ɗanta ne ya sa ta yi alkawari. Injiniya ake ce masa tun ranar da ya gyara fanka, ko da yake fankar ba ta kwana biyu ba sai ta sake tsayawa. Shi ya shimfiɗa siraran tiyo tsakanin tumatirinta, ya soke wani ƙarfe mai kama da cokali a ƙasa. Wai ƙarfen zai gaya wa wayarsa in shuka na jin ƙishi, wayar kuma ta kunna ruwa. Sharaɗinsa, mako guda kada kowa ya zuba ko ɗigo.

Yau tun da hantsi ganyen suka langaɓe. Furen ma ya fara zuba, kuma Mama ta san in fure ya zube, bana sai dai a ci ganye.

Ta same shi a falo, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Kai, tumatirin nan mutuwa yake yi."

"Mama, ido yana yaudara." Ya juyo mata fuskar wayar. "Danshi kashi tamanin da biyu. Kimiyya ce."

"Ka tashi ka gaya wa tumatirin, bai sani ba."

"Sabawa yake yi da tsari."

Ta koma lambun. Ta cusa yatsa a ƙasa har gaɓa ta biyu, ta zaro shi fes, ko wankewa ba ya bukata. Ta kalli bokiti, ta kau da kai. Ta bi layin tana gwadawa, ko'ina ƙamas, har ta iso jikin katanga inda ƙarfen yake. Nan takalminta ya nutse. Ashe Injiniya ya zaɓi wurin da ya fi laushin sokawa, daidai bakin bututun da ruwan wanke-wanke ke fita.

 Alkawarin ruwa Mama ta yi, ba na ƙarfe ba. Ta tuge shi, ta goge da gefen zane, ta kai shi tsakiyar lambun, ta danna da dunduniya.

Tiyo suka yi tari, suka fara ɗiga a gindin kowace shuka.

Sai ga Injiniya a guje, ba takalmi.

"Mama, kin gani? Wayar da kanta ta gane!"

"Na gani, Injiniya. Matsa, ka taka min tiyo."

Ta durƙusa tana ƙirga furen da ya rage. Layin farko ya tafi. Sauran layuka uku za su yi.