Farin Yadi a Ƙofar Sarjan Rabo

Shekarar da korona ta sa aka rufe masallatai, ƙungiyar matasan unguwarmu a Dakoro ta yanke shawarar bin gidajen tsofaffin sojoji don yi musu godiya. A salula suka ga ana yin haka a wasu ƙasashe. Shugabarsu Hamdiya, wadda na koyar a lakwal, makarantar boko, tun tana famfarar haƙora, ita ta haɗa kyautar. Ba su shawarci babba ko ɗaya ba, tunda an ce a nisanci tsofaffi don lafiyarsu.

Gidan farko na maƙwabcina ne, Sarjan Rabo. Babban ɗansa Abdulmumini ma soja ne, yana can Diffa inda ake faɗa, kuma an kwana biyu ba a same shi a waya ba. Duk unguwa ta san da wannan, ban da masu godiyar.

Da hantsi ina bakin ƙofata ina tsince wake suka iso, kowa da takunkumi a fuska, ba kiɗa ba dariya. Suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, suka jera butoci. Sannan suka ajiye faranti a tsakiya: farin yadi a naɗe, sabulu, kwalbar turare, da tutar ƙasa a ninke a kai. Wani dogo cikinsu, Zaharaddini, har da aron hular kaki. Shi ya yi sallama.

Rabo ya fito yana dogara sanda. Ya miƙa wa Zaharaddini hannu. Yaron ya janye nasa ya ɗora a ƙirji, ya sunkuyar da kai, saboda an hana musabaha. Sai duk suka ƙame, suka yi shiru irin wanda suke gani a talabijin, ba su san don matattu ake yin sa ba.

Waken ya zube daga cinyata. Duk wanda ya taɓa yi wa mamaci sutura ya san abin da ake kawowa: farin yadi, sabulu, turare. Ga tabarmin zaman makoki, ga butoci. Rabo kuwa shi kansa ya sha kai tuta gidajen sojojin da suka rasu lokacin yana aiki.

Hamdiya ta gyara murya. "Baba, mun zo ne a madadin ƙasa duka, saboda abin da gidan nan ya sadaukar..."

Sandar ta faɗi. Tsohon ya zame jikin katanga ya zauna a ƙasa daɓas. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, muryarsa kamar ba tasa ba.

Matarsa Azara ta leƙo daga zaure, ta ga yadin, ta ƙwalla ƙara. Kafin in samu takalmina, mata sun ɓullo daga kowane gida. Masu wucewa zuwa kasuwar dabbobi suka ɗaure awakinsu suka cika tabarmin, ana ta musabaha ana "Allah ya jiƙan rai." Zaharaddini na ta ɗaga hannu yana cewa, "Tazara, jama'a! A ba da tazara!" Ba mai jin sa.

Na kutsa na cafko gyalen Hamdiya. "Ke, wa ya mutu?"

"Mutuwa kuma, Madam? Kyauta muka kawo!"

"Kyautar gidanku! Yadin na mene ne?"

"Na rigar sallah. Sabulun na wanke hannu ne, likita ya ce..." Ta dubi farantin, ta dubi matan da ke birgima, sai idanunta suka firfito a saman takunkumin. "Wayyo Allah, na shiga uku."

Na durƙusa gaban Rabo, gwiwoyina na ƙara. "Sarjan, ba wanda ya rasu. Yara ne suka zo yi maka godiya, wauta ce kawai."

Ya dube ni ba ko ƙiftawa. "Madam, ni ma haka nake cewa in uwa ta faɗi. In ce rauni ne kawai ya ji, yana asibiti. Na san aikin nan, kada ki wahalar da kanki."

Na rantse, Hamdiya ta rantse, ta cire takunkumin don ya ga fuskarta. Bai motsa ba. Numfashinsa ya fara sarƙewa, hannunsa na dafe da ƙirji, na gane in bai ji muryar yaron ba, yadin nan zai yi aiki yau.

Matasan suka duƙufa kan wayoyinsu. Lambar Abdulmumini a kashe. Aka kira wani abokin aikinsa ɗan Sabon Maci, shi ya ba da lambar wani, wancan ya ce su Abdulmumini sun fita daji. Rana ta take, liman ya iso yana tambayar ko za a yi sallar ga'ib. Sai dab da azahar wayar Zaharaddini ta yi ƙara. Da ya ji Abdulmumini ne, ya kara ta a kunnen tsohon.

"Baba? Babu rezo ne inda muke. Mi ya faru nake jin kuka?"

Rabo bai kira sunansa ba, ɗan fari ne. Ya ce, "Wace ƙafa ce bijimin sa ya take maka a kasuwa?"

"Ta hagu mana, Baba. Lafiya?"

Ana cewa soja ba ya kuka. Masu faɗin haka ba su zauna maƙwabtaka da ko ɗaya ba. Rabo ya kifa fuska a gwiwa ya yi ta rusawa, Azara ta fizge wayar tana zagin yaron tana sa masa albarka a numfashi guda. Ƴan makoki suka kwance awakinsu suka sulale, ba wanda ya san irin sallamar da zai yi.

Hamdiya ta rarrafo za ta ɗauke farantin. "Baba, ka yafe mana. Za mu musanya shi da shuɗi."

Ya share fuska da hannun riga. "Tutar ku mayar inda kuka aro ta. Sabulun ku raba. Yadin ku bar shi." Ya ɗauka ya miƙa wa Azara. "Sa shi ƙasan akwati, kada ki ba tela. Tunda ya riga ya shigo gidan nan, nawa ne. Ba na yaron ba."