Greta a Tsinin Wuƙa

…na goma sha ɗaya ke nan, shi ma bai yi fari ba.

Bari in ƙara matsawa. Ƙila lemun ne ba shi da tsami, na bishiyar bayan gida ruwa ya yi masa yawa bana. Nas ta ce a matsa lemun tsami a cikin kasko a bar shi ya kwana, in ƙyallin ya dushe ya bar farin tabo, to akwai dalma a jikinsa. Jiya da yamma na matsa. Yau da safe na zubar, na duba a rana, na sake matsawa. Ga su a jere a kan benci, duk kasaken da jikata Nayeli ta taɓa cin abinci a ciki. Na wake, na kunun masara, da ƙaramin nan mai zanen kogi a baki wanda na gina mata ranar da ta cika shekara biyu. Sumul. Sai ƙyalli suke yi.

Ni kuma, Ubangiji ya gafarta mini, tabon nake nema. So nake in gan shi.

Ɗaya kawai, Marbella. Da ɗaya zai yi fari, in kin sauko daga motar sha biyu sai in ɗauko shi in ce, 'yata, ga shi, kaskon nan ne ya sa wa 'yarki dalma a jini. Ki yi kuka, in yi kuka, mu fasa shi a bayan tanderu. Wa za a zarga? Kowa a ƙauyen nan a cikin kasko mai shafen greta, garin dalmar nan mai sa ƙyalli, ya ci wakensa tun kaka da kakanni.

Amma ba zai yi fari ba. Ni na fi kowa sani. Tun kina da cikin Nayeli na daina shafa greta a kayan cin abinci, ni ce ta farko a layinmu. Felícitas, wadda ta riƙe ki ranar baftisma, ta leƙo ta kan katanga tana kallon abin da na fitar daga wuta. "Malama Otilia, wannan sabon ƙyallin naki fa? Kore ne ko miyar da ta kwana? Comadre, ƙawata, kai shi asibiti, ba shi da lafiya." Na yi murmushi. Na ce gara maras kyau da mai guba. Na faɗa da muryar aji, na san na faɗa da muryar aji, shekara ashirin da biyu ina koyarwa kafin in dawo wa yumɓu, muryar ba ta barin mutum.

Gaskiyarta kuwa. Sabon ba ya ba da koren tsauni.

Mama ba ta taɓa cewa kore ba, tsauni take cewa. Ki dubi tsaunin bayan gari kwana huɗu da ruwan farko, ba uku ba, ba biyar ba, lokacin da ciyawa ta fito amma jar ƙasa na leƙowa ta ƙarƙashi — shi ake so. Greta kaɗai ke ba da shi. Garin nan rawaya mai nauyi, a dama da ruwa da ƙonannen jan ƙarfe, wuta ta narka shi ya gangaro jikin tulu kamar ruwa a kan dutse, ya taru da duhu a inda yatsana ya lotsa… Na kasa rabuwa da shi gaba ɗaya. Gwangwani ɗaya na ajiye, don tulunan furen coci kawai, ba wanda ke sha a cikinsu. Can saman kanta inda ko Fidencio, babanki, sai ya taka kujera. Na manna takarda na rubuta GUBA, da rubutuna mai kyau, na ja layi a ƙasa.

Nayeli tana ƙarƙashin gwaba. Tun ɗazu tana wurin, da cokali a hannu, ba ta tonon ƙasa, riƙe shi kawai take. Kaji sun wuce ta gabanta. A da kowace tana da suna — Sarauniya, Mai Ɗingishi, Doña Baki, saboda ta cika surutu kamar Felícitas. Yaushe ta daina kiran su? Ban lura da ranar ba. Mutum yana lura da ranar da yaro ya fara magana, ya buga waya ya faɗa wa uwar. Ranar da ya daina fa?

Arba'in da takwas. Aka soki yatsanta don a auna dalmar da ke jininta, 'yar na'urar ta yi ƙara, arba'in da takwas. Araceli, nas ɗin, ta dubi lambar ta sake duba, ta ce kamata ya yi kada ta kai biyar. 'Ya'yan magina tukwane sha huɗu aka gwada ranar Laraba, akwai mai tara, akwai mai sha biyu. Jikan Felícitas, wanda ke birgima a gindin tanderu yana lasar yatsu, sha biyar. Jikar Malama Otilia mai tsabta…

"Doña Otilia, akwai wanda ya ba ta wani abu don ciki? Wani gari, wani maganin gida?"

Na ce a'a.

Kafin ma ta rufe baki na ce a'a. Ta yi dariya, ta riga ta sa biro a takarda. "Ai ke ba sai na tambaye ki ba, Malama. Ke kika koya mana wanke hannu da waƙa." Araceli, da kitsonta biyu a layi na uku a ajina, mai rubuta harafin b a juye, ni na riƙe hannunta na gyara. Yanzu hannun ya rubuta a'a da kyau, a takardar da za ki kai wa likitan birni yau da yamma. Ta ce ta tambaya ne domin in haɗiya yaro ya yi, sai an ɗauki hoton cikin an wanke shi tukuna kafin a fara maganin jini, in ba haka ba maganin kan ƙara jawo abin cikin jiki. Da baki ta faɗa, tana naɗe auduga, ba ta ma dube ni ba. Me zai sa ta dube ni?

Ƙarfe sha ɗaya da kwata. Fidencio ya tafi mararraba tarbo ki.

Makon Ista ne, Marbella. Ina so ki fara jin wannan. Kina otal ɗinku kuna fama da zannuwan baƙi, kin ce ko fitsari ba ki da lokacin yi. Asibitin ƙauye a kulle har Litinin. Nayeli ta tsinci ɗanyen mangwaro ta ci, ban san nawa ba. Kwana biyu tana kuka, cikin ya yi tauri kamar ganga, ba ta fita bayan gida. Na ba ta shayin ganye. Na shafa mata mai mai ɗumi. Felícitas ta zo ta kifa ta a cinya, ta riƙa jan fatar bayanta tana kasa kunne ko za ta ji ƙas. "Bai ɓalle ba. Empacho ne, comadre, abinci ya manne a hanji. Ki ba ta greta mana. Tsinin wuƙa, da mai da sukari." Na ce Felícitas, guba ce. "Tabɗi! To mu duka gawa ne ke nan muke yawo a gari? Ke ba a ba ki ba? Ga ki nan da gilashinki kina gyara wa limamin coci rubutu." Ta ja mayafinta ta tafi tana mita, wai karatu ya yi wa wasu yawa har sun fi uwayensu.

Ba ita ta ɗauko ba. Wannan ma ina so ki ji. Ta tafi, ta rufe ƙofa. Ni kaɗai ce, da rana tsaka, da kukan da ya koma kamar na 'yar kyanwa. Ni na ja kujera.

Me nake tunani a kan kujerar? Na yi ta bincike, kwana uku ina bincike, ban sami tunani ba. Hannun Mama na samu. Hannu mai kaushi a ƙeyata, cokalin katako, zaƙi-zaƙin abin a bayan harshe, da yadda na yi barci bayan nan a jikinta tana warin hayaƙi. Takardar GUBA na kallona. Na juya gwangwanin ta fuskanci bango. Na juya shi! Wanda bai sani ba ai ba ya juya gwangwani.

Na auna da kyau kuwa. Fidencio kan ce wa mutane matarsa ko gishiri sai ta daidaita shi da bayan wuƙa. Na kaɗe rabin abin da tsinin ya ɗauko, na ce rabin na Mama, ai rabi ba zai…

Washegari ta yi bayan gida, ta nemi wake. Na yi godiya a coci. Kin bugo waya na ce lafiyarta ƙalau, ɗan ciki ne ya wuce.

Anselmo, ƙanena. Me ya kawo shi yanzu? Shi ne mai yawan ciwon ciki a gidanmu, shi Mama ta fi ba wa cokali. Shekara uku yana aji ɗaya. Baba ya ce kansa dutse ne, a bar shi ya sari itacen tanderu. Yana nan har yau, shekara hamsin, yana ƙirga canji da yatsu yana ɓacewa a bakwai. Da yaran layin baya a ajina, 'ya'yan magina kusan dukansu, in koya musu harafi ranar Litinin, Talata ya zube kamar na zuba ruwa a tukunyar da ba a gasa ba. Na rubuta a katinsu: ba ya mai da hankali. Ba ta ƙoƙari. Da jan biro.

A'a. Ba yanzu ba. In na buɗe wannan ba zan iya tashi ba.

Zan ce, Marbella, zauna. A'a, ba za ki zauna ba, jakarki ma ba za ki ajiye ba, za ki wuce ni ki sungume ta. Zan ce, akwai abin da ban faɗa wa nas ba. Za ki juyo da idon babanki. "Mamá, me kika yi?" Ke da kika ce mini ranar da kika kawo ta, "Gidan surukata ban yarda ba, tsohuwar nan komai sai ta jiƙa ta ɗura wa yaro. Wurinki hankalina kwance." Na ji daɗin maganar. Na maimaita wa Felícitas ita har sau biyu.

In na faɗa, ba za ki sake barin ta ta kwana a gidan nan ba. Ko ruwa ba za ki bari in miƙa mata ba. Daidai ne. Ni ma da haka zan yi.

In ban faɗa ba, likita zai karanta a'a.

Ko in tura Fidencio ya faɗa wa Araceli a ɓoye, ta gyara takardar? To shi ma sai ya sani. Ko in ce ita ta hau ta ɗauka — yarinya 'yar shekara uku, kantar da namiji ke taka kujera? Ko in ce Felícitas… Ubangiji. Dubi inda na kai. Dubi abin da nake aunawa da hannuwa masu danƙon lemo.

Sau nawa, za ki tambaya. Likita ma zai tambaya. Sau ɗaya zai fi sauƙin fita daga baki.

Uku ne.

Na biyu a watan Mayu, cikin ya sake tauri, ta ƙi abinci. Na ce empachon ne ya dawo, tunda wancan ya yi aiki… Na uku kwana goma sha biyu da suka wuce. Ba mangwaro a lokacin. Mangwaro ya ƙare tun tuni. Na yi ta tunanin me take tsinta, na share tsakar gida, na hana ta gyaɗa, na zargi madarar shagon kusurwa.

Akwai wata takarda da Araceli ta cusa mini a aljihun riga, mai hoton yaro yana riƙe da ciki. Ban buɗe ba, na ce ai na san abin da ke ciki. Ga ta. Ta jiƙe da lemo a gefe. Alamomin dalma a jikin yaro: ciwon ciki. Taurin bayan gida. Ƙin abinci. Yawan…

Ciwon ciki.

Ciwon farko mangwaro ne. Na farkon kaɗai. Na biyun — na biyun cokalina ne, shi ne ya dawo yana murɗa ta, ni kuma na ja kujera na ƙara mata. Na ukun na biyu ne ya haife shi. Da ba a zo gwajin nan ba, da wani makon…

Nayeli ta taso. Tana tahowa a hankali, tana jan ƙafa ɗaya, hannunta a kan cibiya. Kada ki zo nan, jikata, je ki wurin kaji. Ta tsaya a gabana. Ba ta kuka. Ta dubi kantar da gwangwanin yake, ta dube ni, ta miƙo mini cokalinta.

Ta buɗe baki tana jira.

Ƙofar gida na motsi, muryar Fidencio, da taku mai sauri a bayansa… Nayeli, rufe bakin. Don Allah rufe.