Salansar da Buford Ya Bari

Wata safiyar Asabar ce a ƙarshen shekara, ganyen itatuwan tudun da ke bayan filin harbinmu duk ya yi jajur. Ina bayan kantar shago ina shan kofi sai ga tsohuwar a-kori-kurar Arlis Maddox ta tsaya. Ya zagaya ya buɗe wa Mis Verna Shelton ƙofa, sannan ya ɗauko doguwar jakar bindiga ya rungumo ta kamar jariri.

A wannan lungu namu na gabashin Tennessee babu wanda bai san Mis Verna ba. Rabin garin ita ta koya wa karatu a firamare, har da ni, kuma har gobe ita ke kaɗa fiyano a coci. Mijinta Buford ya rasu 'yan watanni kafin nan. Direban babbar mota ne, mutum mai kyauta da son raha, amma in ya ba ka labari sai ka rage rabi ka zubar. Arlis kuwa amininsa ne tun suna yara.

Na san abin da ke cikin jakar tun kafin a buɗe. Shekara da shekaru Buford yana nuna wa abokansa wata baƙar bindiga a garejinsa, da salansa mai kauri a bakinta, wato abin kashe ƙarar harbi. Yakan ce in aka harba ta, atishawar kyanwa ta fi ta ƙara. Sai dai bai taɓa fito da ita ba, ko da wasa. Arlis ya roƙa har ya gaji, kullum amsar ita ce ba abin wasan yara ba ce. Yanzu da mai ita ya tafi, Arlis ya lallashi Mis Verna su zo su harba ta sau ɗaya don tunawa da shi.

To, mu a wurinmu akwai ƙa'ida. Duk kayan da gwamnatin tarayya ke wa rajista, salansa ko bindiga mai gajeren baki ko mai aman wuta ba tsayawa, sai mun ga takardarsu mai kan sarki kafin a wuce da su layin harbi. Ba doka ce ta ɗora mana ba. Twila Sizemore, mai wurin, ita ta kafa, kuma ko fasto ne ba ta ɗaga masa ƙafa. Na gaida Mis Verna, na yi mata ta'aziyya karo na biyu, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambayi takarda.

Ta dube ni ta saman tabarau kamar yadda take yi in ban kawo aikin gida ba. Ta ce, “Wace takarda kuma, Hoyt?”

Na yi mata bayani a hankali. Arlis ya sa baki ya ce ai takarda tana nan, Buford ya sha faɗa masa tana cikin akwatin ƙarfe. Mis Verna ta ce ita ta kwashe akwatin nan da hannunta, ba ta ga wani abu mai kan sarki ba. Sai ta dafe kai. Ta ce bayan jana'iza ta ƙone kwalaye na tsofaffin takardun Buford a bayan gida, ba ta tsaya duba kowace ba.

Na kwantar mata da hankali. Na ce ɓatan takarda ba tashin duniya ba ne, in dai an yi rajistar. Lauyan da ke raba gadon zai rubuta wa hukuma, su duba lambar da ke jikin salansar, a mayar da ita sunanta. Yau dai ba za a harba ba, shi ke nan. Na zuge jakar, na tabbatar babu harsashi a cikin bindigar, na juya ta ina neman lambar don in rubuta mata.

Babu lamba. Na kai ta gaban taga, na goge da gefen rigata, na sake juyawa. Baƙin bututu sumul, ba sunan kamfani, ba ko ɗigo. Kuma hancin bindigar da ake gani kafin ya shige bututun bai kai tsawon da doka ta yarda ba. Nan na tuna Buford yana da injin gyaran ƙarfe a garejin nan, kuma hannunsa ya iya. Salansar da aka ƙera a ɓoye ba a iya yi mata rajista daga baya, kuma riƙe ta kaɗai laifi ne da kan kai mutum kurkukun tarayya har shekara goma.

Mis Verna ta karanci fuskata. Ta ce kada in ɓoye mata komai, ni kuwa ban iya yi mata ƙarya ba tun ina aji biyu. Na faɗa mata. Na ƙara da cewa ban taɓa jin an ɗaure gwauruwar da ta tsinci abu a kayan mijinta ta kai shi da kanta ba, amma ni ba lauya ba ne. Ta zauna a benci, ta ɗora jakarta a cinya ta riƙe da hannu biyu. Abin da ta fara tambaya shi ne ko za a buga sunan Buford a jarida.

Arlis ya matso kusa da ni yana raɗa, wai ya mayar da bindigar mota, akwai tafki mai zurfi a gonar ƙaninsa, babu wanda ya ga komai. Kunnen Mis Verna bai tsufa ba.

Ta ce, “Arlis Maddox, ban taɓa jefa matsalata a ruwa ba, ba kuma zan fara a gaban ɗalibina ba. Zauna.”

Ya zauna.

Twila ta tafi gari sayen kaya, na kira ta na ce ta dawo. Ita ke gyaran bindiga a wurin, sana'ar da ta gada daga mahaifinta tare da filin. Zaman jiran nan ya yi mini tsawo. Mutane suna shigowa, in duba takardunsu, in ba su abin toshe kunne, su wuce. Daga bayan gini ana ta jin harbi, kowace ƙara sai Mis Verna ta ɗan zabura. Na kawo mata kofi, ta karɓa ba ta sha ba. Can ta ce mini ba kurkukun ne ya fi damunta ba. Shekara arba'in da wani abu tana zaune da mutum, tana ganin duk ƙaryarsa ta baki ce, marar cuta, ashe zai iya ajiye mata irin wannan abu ya tafi.

Twila ta shigo da buhun abincin kare a kafaɗa. Ta ajiye, ta gaida Mis Verna, ta ɗauki bindigar. Ta gwada murɗe bututun, ya ƙi motsi. Ta shafa gindinsa da yatsa, ta ɗauko ƙaramar tocila ta haska cikinsa, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta zura sandar awo ta baki har ta tokare, ta zaro ta duba. Na ga gefen bakinta yana rawa.

Ta ce, “Mis Verna, wannan ba salansa ba ce. Bututu ne kawai. Cikinsa fayau yake, kamar na famfo.”

Ta bayyana mana cewa salansar gaske cike take da ɗakuna-ɗakuna na ƙarfe masu riƙe iska. Wannan kuwa ado ne. Akwai kamfanonin da ke sayar da bindiga haka, su yi wa bututun walda a kan hancin don tsawon ya cika yadda doka ta ce, kuma ta yi kama da ta sojojin fim. Ta nuna mana tabon waldar, ta nuna mana sandar awo, tsawo ya cika har da ɗori. Ba ta buƙatar wata takarda mai kan sarki. Bindiga ce kamar kowace a cikin shagon.

Mis Verna ta sa ta maimaita. Ta maimaita. Sai tsohuwar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta cire tabarau, ta rufe fuska da hannu. Na ɗauka kuka take yi, kuma da shi ta fara, amma kafaɗunta suka ci gaba da girgiza har dariya ta ƙwace mata.

Arlis ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya karɓi tocilar ya leƙa da kansa, ya girgiza kai.

Ya ce, “An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma na wannan ja'irin har aka binne shi bai ƙure ba. Ni da na taɓa yi masa tayin kwalekwalena a kan bututun famfo.”

Mis Verna ta ce ya gode wa Allah Buford bai karɓa ba, wannan ma ai amana ce.

Twila ta rufe shago, muka fita layi mu huɗu. Arlis ya yi fushi ya ce ba zai taɓa ta ba, don haka Mis Verna ta ce a ba ta. Ba ta taɓa harba bindiga ba. Twila ta sa mata abin toshe kunne, ta gyara mata tsayuwa, ta tsaya a bayanta da hannu a kafaɗarta. Ta ja kunama. Ƙarar ta daki tudu ta dawo, hankaki suka tashi daga itatuwa, wani saurayi a layin kusa ya waigo ya ga wace ce. Harsashin bai ko shafi allon da ta auna ba, ƙasa ya tayar can gefe.

Ta miƙa wa Twila bindigar tana murza kafaɗa, ta ce sau ɗaya ya isa. Ta roƙe ta ta ajiye mata ita a shago har jikarta da ke aikin soja ta zo hutu, in tana so ta ɗauka. Daga nan ta ce yunwa take ji irin wadda ba ta ji ba tun rasuwar, kuma Arlis ne zai kai ta cin soyayyar kaza, tunda shi ya jawo mata wannan safiya. Ya tafi tayar da mota yana gunguni. Ita kuwa da ta zo wucewa ta gabana sai ta tsaya, ta gyara mini wuyan riga, ta ce in daina tsayawa a ranƙwafe.