Rantsuwar Sharfuddeen a Kan Kawunan Inji

Sharfuddeen bakanike ne, kuma ba na wasa ba. Warsharsa, wato garejinsa, tana Harra ta Gabas, a ƙarshen wani lungu da aka gina gidajensa da baƙin dutse, kuma duk mai motar Amurka a wannan gefen na Madina ya san ƙofarta. Aibinsa ɗaya ne, ba kuma ƙarami ba: in ya faɗi magana a gaban mutane, gara masa asara da ya janye ta.

A shekarar 1401 ta Hijira ya sa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Yana da tsohuwar Jims, akori-kura, mai babban inji na silinda takwas. A hanyar Badar akwai wani tudun yashi da mazan unguwa ke zuwa ranar Alhamis su gwada motocinsu, kuma ba motar da ta taɓa kai wa samansa daga cikin nasu. Sharfuddeen ya ce tasa za ta kai. Ya sauke injin, ya wanke shi har ƙasa, ya samo sababbin fistin masu ƙarfi waɗanda sai da wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo masa su Jidda bayan dogon jira. A tashlih, inda ake yanka matattun motoci, ya ciro bulowa daga wata bas ta alhazai da ta mutu. Bulowa kuwa ita ce ke cusa iska cikin inji da ƙarfin tsiya, ya ci fiye da abin da zai iya zuƙa da kansa.

Saura abu biyu: kawunan inji, wato murafen ƙarfen nan biyu da ke rufe silinda, inda wuta ke kamawa, da kuma kamshaf, sandan da ke buɗe bawul yana rufewa. Nan ido ya ja shi. Ya sami kawunan wata motar tsere da ta yi haɗari, masu manyan ƙofofin iska, hannun yaro zai shige. Ya haɗa da kamshaf ɗinta, irin wanda ke sa inji ya riƙa gurnani yana girgiza ko a tsaye yake.

Wata la'asar yana goge su a bakin warsha, mutane na zaune kan benci ana zuba shayi, sai ga Abdussamad, ɗan kawunsa, wanda ke da shagon kayan mota a Harra ta Yamma. Taubasai ne, tun suna yara ba sa haɗuwa su rabu ba a yi tsiya ba. Abdussamad ya ɗaga kai ɗaya, ya juya shi, ya leƙa ramin da wuta ke kamawa.

"Ɗan gwaggo, wannan ramin ai finjalin gahawa ya fi shi zurfi. Da shi za ka ɗora bulowa? A zafin Madina?"

"Ajiye, kada ka sa masa maiƙon ɗanwake."

"Ya shaikh, matsi zai yi yawa. Ba za ka kai Zul-Hulaifa, nan bakin gari, ba za ka ji fistin na sallama da kai ɗaya bayan ɗaya. Ina da kawunan Jims na talakawa a shago, zo ka ɗauka, ba zan faɗa wa kowa ba."

Benci ya kwashe da dariya. Dariyar nan ce ta kai Sharfuddeen ƙasa. Ya miƙe, tsumma a hannu, ya ce, "Mai sayar da fulogi ne zai koya mini inji? Wallahi tallahi, da kawunan nan da kamshaf ɗin nan zan hau tudun nan. Ba zan cire su ba."

Wani dattijo ya ajiye finjalinsa ya ce, "A'a, mu'allim, abin bai kai nan ba." Amma magana ta riga ta fita, kuma da sunan Allah ta fita. Mutum ya ɗauki sunan Mahaliccinsa ya liƙa a kan ƙarfe don kawai ɗan kawunsa ya ba shi haushi. Wannan wauta ce, ko da wanda ya yi ta gwani ne.

Ya haɗa injin. Ranar da ya tayar, lungun gaba ɗaya ya amsa. Tattabaru suka watse daga soraye, mata suka leƙo ta tagogi, salansa na tofar da wuta. Masu benci suka ce lallai mu'allim ya yi abin kansa. Shi kuwa warin ɗanyen fetur da ke fitowa ta baya ya ɗan dame shi, amma ya haɗiye.

A watan Rajab, bayan azahar, lokacin da baƙin dutsen Harra ke mayar da zafi kamar tanda, ya fita da ita shi kaɗai bayan gari don gwaji. Da gangan ya zaɓi wannan lokaci, don ya san tudu ba ya jiran sanyi. Da farko motar ta yi nauyi, kamar mai barci. Ya ƙara taka totur. Bulowa ta yi kuka, motar ta zabura, sai ga wata ƙara daga cikin inji, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya ɗaga ƙafa. Ya sake takawa, ta sake yi.

Ya tsaya a gefen hanya, ya jira inji ya ɗan huce, ya kwance fulogi ɗaya. A jikin farin tangaran ɗinsa akwai ƙananan ɗigo masu ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa. Ya san su. Naman fistin ne ya fara narkewa. Ya kwance na biyu, haka. Ya zauna a inuwar motar, dutse na ƙona shi ta cikin tufa, yana juya fulogin a hannu. Idan ya hau tudu da injin nan a haka, ba zai kai rabi ba fistin za su huje, kuma irinsu ba ya sake samu a wannan shekara. Abdussamad ya faɗi gaskiya. Wannan ya fi ɗigon azurfar yi masa ciwo.

Ya dawo a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Kwanaki ya yi yana neman hanyar da za ta tsirar da injin ba tare da ya taɓa rantsuwa ba. Ya ja lokacin wuta baya, ƙarar ta ragu, amma motar ta koma tafiyar jaki, lagireto na tafasa. Ya yi tunanin ninka gaskit, ya san ƙarya ce, bulowa za ta hure su. Ya yi tunanin sassauta bulowar ta riƙa juyi a banza. To, me ya gina ke nan? Inji mai ƙara don masu benci.

Matarsa Sakinatu ta ga ya ture farantin abincin rana bai ci rabi ba.

"Abu Raliya, injin ne ko ɗan kawunka?"

Ya faɗa mata. Bai saba ɓoye mata ba, don ko ya ɓoye tana ganowa.

"To ai ba kai ka fara rantsuwa ka ga abin da ya fi ta ba," in ji ta. "Ka yi kaffara ka cire su. Halas."

"Zan yi azumi uku. Ni da Allah."

"Azumi na wanda ba shi da abin ciyarwa ne. Kai buhun shinkafa na nan a ɗaki. Miskinai goma za ka ciyar, ka fi ni sani."

"In na ciyar, unguwa duk za ta ji."

"Da ka rantse, a kunnenka ka raɗa?"

Ta tattara kwanuka, ta tsaya a bakin ƙofa. "Ka yi wa taubashinka fushi, yanzu kuma kana so ka yi wa Ubangiji wayo. Ni dai ka faɗa mini rana, in jiƙa shinkafa."

Da safe ya wanke hannu, ya sa farar tufa, ya hau tasi zuwa Harra ta Yamma. Abdussamad na bayan kanta yana karya kumallo da gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake. Da ya gan shi sai ya ajiye gurasar, ya goge baki a hankali.

"Ahalan, ahalan! Babban mu'allim a shagon mai sayar da fulogi. Fulogi nawa za a ba ka?"

"Kawunan nan na Jims. Fito da su."

"Waɗanne? Na talakawa? Ai na ji an rantse."

"An rantse. Za a yi kaffara. Fito da su."

Abdussamad ya buɗe baki zai ƙara, ya dubi fuskar ɗan gwaggonsa, ya ga abin da zuwan nan ya ci masa. Ya shiga ciki ya jawo kawuna har kashi uku ya jera a ƙasa.

Sharfuddeen ya tsuguna da farar tufarsa. Wannan karon bai kalli girman ƙofa ba. Ya kifar da kowane kai, ya karɓi finjali da galan na man inji, ya riƙa zuba mai a ramin wuta yana lura da wanda ya fi sha. Rami mai faɗi shi ke rage matsi, ya bar wa bulowa wurin zuba iskarta. Kashi ɗaya ya ture, akwai tsaga siririya tsakanin bawul biyu. Ɗaya ramin bai kai ba. Na uku, masu zagayayyun ƙofofi matsakaita, na wata motar ɗaukar kaya, su suka sha mai har ya gamsu.

"Ga kamshaf ɗinsu na asali," in ji Abdussamad. "Haɗa ka huta."

Sharfuddeen ya juya shi a haske ya mayar. "Wannan na jan tankin ruwa ne. Zai shaƙe ta."

"Kai dai ba ka tuba ba."

"Na tuba da rantsuwa, ban tuba da sanin aikina ba. Wancan nawa yana barin bawul na shiga da na fita a buɗe tare, bulowa na turo fetur yana wucewa ta salansa. Naka kuma ba ya barin hayaƙi ya fita. Ina son wanda zai rufe ƙofar fita kafin ƙofar shiga ta yi nisa da buɗewa, amma ya ba hayaƙi lokaci. Me ke cikin kwalin can na sama?"

Sai da suka sauke kwalaye da yawa, ƙura ta ɓata su duka biyu, kafin ya sami wanda ya yi masa. Ya bi ƙululunsa da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Wannan."

"Ba zai yi gurnani ba fa. Masu benci za su ce keken ɗinki ka gina."

"Su ce."

Ranar da Sakinatu ta dafa shinkafa da naman rago, a bakin warsha aka shimfiɗa tabarma bayan azahar. Sharfuddeen da kansa ya je ribaɗin da ke bayan kasuwa, inda tsofaffin da ba su da kowa ke zaune, ya gayyato goma. Ya zuba musu ruwa a hannu, ya tsaya a kansu har suka ƙoshi. Masu benci sun hallara ba wanda ya kira su. Da baƙi suka tashi, ya tuɓe farar tufa, ya ɗauki sifana, ya kwance kawunan tseren nan a gaban kowa, ƙusa bayan ƙusa, ya ajiye su a jikin bango.

"Mu'allim, ashe shinkafa na kwance kan inji?" wani ya jefo.

"Tana kwancewa," ya ce, bai ɗago ba. Daga ranar suka laƙaba masa Mu'allim Shinkafa, kuma yana amsawa.

Da ya tayar da sabon haɗin, ko tattabara ba ta motsa ba. Injin na numfashi lafiya lau, sai siririn kukan bulowa a sama. Aka yi dariyar keken ɗinki, kamar yadda aka ce za a yi.

Ranar Alhamis, rana na tsakiyar dukanta, Jims ta tsaya a gindin tudun. An rage iskar tayoyi. Abdussamad ya buɗe ƙofa ya shige gefe ba a gayyace shi ba.

"Kawunana ne, sai na ga inda za su mutu."

Sharfuddeen ya yi bisimilla ya taka. Motar ba ta jira ba, tun daga ƙasa ta ɗauka, ta manna su da kujera. Yashi ya tashi ta baya kamar bango. Suka wuce inda sawun sauran motoci ke juyawa. Tudun ya miƙe, gilashi ya cika da sararin sama, injin ya yi nauyi, Sharfuddeen ya kasa kunne yana jiran tsakuwar nan a gwangwani. Ba ta zo ba. Ya danne ƙafarsa har ƙasa ya bar ta a nan. Abdussamad ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana salati da ƙarfi. Gaban motar ya ɗaga, ya faɗo, suka tsaya a kan tudu, mutanen ƙasa sun zama ƙanana suna kaɗa ƙyallayen kansu.

Sharfuddeen ya bar injin yana juyawa, ya dubi allurar zafi, tana inda ya kamata. Ya sauke numfashi.

"Masha Allah," in ji Abdussamad. "Tayyib, ɗan gwaggo, buɗe mini. Ni da ƙafa zan sauka."

"Zauna, ɗan kawu. Ka ga hawa, saura ka ga sauka."

Ya juya kan motar ya fuskanci gangare.