Ƙaramar Motar Auta

Motar Auta ƙarama ce ƙwarai, mai ƙofa biyu, irin wadda in ta tsaya a bayan bas sai ka rantse babu kowa a wurin. Ta hannu ce, ta saye ta a wurin wata abokiyar aikinta a makarantar firamaren da take koyarwa. Saboda Baba ta saye ta. Mahaifin nata tsohon tela ne da asma ta raba shi da keken ɗinki, kuma hayaƙi da matsatsin motar haya sukan tayar masa da ciwon duk ranar zuwa asibiti. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu suka rage a gidan.

Ranar da ta kawo motar, Baba ya zagaya ta yana dogara sanda, ya leƙa ciki, ya ce, "Auta, wannan shigarta ake yi, ko sa ta ake yi kamar riga?"

"Baba, shiga dai ka ji daɗinta."

Ya shiga da ƙyar, gwiwoyinsa na dungurar gaba. "Wanda ya yanka ta ya yi rowar yadi," in ji shi. Amma daga ranar kullum da safe shi ke goge mata gilashi da wani tsohon ƙyalle.

Ba ta daɗe da fara tuƙi ba ta gane cewa a titi girman mota ake gaisarwa. In ta kunna sigina za ta sauya layi, na bayanta sai ya ƙara wuta ya toshe gurbin. Masu jif sukan manne mata a baya suna watsa mata fitila har sai ta rakuɓe gefe, ko da gudunta daidai yake da na kowa. Wani mai tanka ya taɓa matse ta har tayarta ta hau dakalin titi, yaron motarsa yana leƙowa yana dariya. Hon ɗinta kuwa siriri ne kamar kukan ɗan akuya, in ta danna ma ba a waiwayowa. Takan dawo gida ta kwashe labarin ta faɗa wa Baba. Baba yakan ce, "Ƙyale su, Auta. Duk inda za su, mu ma za mu isa."

Wata ranar Laraba da yamma, ta dawo daga makaranta ta tarar da shi a zaune bakin gado, ya dafa gwiwoyi, ƙirjinsa na fito. Ya shaƙa maganinsa ya sake shaƙa, abin bai faɗa ba. Leɓunansa sun fara canja kala. Ta kira motar asibiti aka ce ta fita wani aiki, sai an jira. Ba ta jira ba. Ta rataya hannunsa a wuyanta, ta kai shi mota, ta ɗaura masa bel, ta sauke gilashi don ya sami iska.

Layinsu yana fita ne kan babban titi, kuma dole sai ta ratsa cikin motoci ta shiga hannun da ke zuwa asibiti. Danjar wurin ta daɗe da mutuwa. Lokacin tashi daga aiki ne, motoci sun jeru baki da wutsiya, suna matsawa kaɗan kaɗan.

Ta kunna fitilun gaggawa, ta tura hancin motar. Wata baƙar jif ta matso ta rufe wurin. Ta sake turawa a bayanta, wata motar kaya ta yi mata hon mai firgitarwa, ta wuce tana gogar madubinta har ya karye ya yi lilo. Auta ta fito da hannu ta taga tana roƙo.

"Don Allah! Mara lafiya gare ni!"

Wani mutum mai farar mota ya sauke gilashi. Ta ɗauka hanya zai ba ta. Sai ya ce, "Malama, janye gwangwanin nan kafin a taka ki. Kowa ma sauri yake yi." Ya ɗaga gilashinsa.

Wata mata a babbar mota ta haɗa ido da ita, ta kalli Baba, sannan ta mai da kanta kan wayarta.

Baba ya kamo gefen mayafin Auta. Magana ba ta fita sosai, sai da ta kai kunne.

"Kar ki... yi faɗa da su."

"Ba faɗa nake yi ba, Baba. Yi numfashi. Yanzu za mu wuce."

Ta buɗe ƙofa ta fita tsakiyar titi, ta ɗaga hannuwa biyu tana kuka. Motoci suka riƙa kauce mata suna zaginta, babu wadda ta tsaya. Can wani direban bas, dattijo mai furfura a gemu, ya hango abin da ke faruwa daga sama. Ya karya kan bas ɗinsa ya gitta ta a titi, ya tare layi biyu. Fasinjojinsa suka hau surutu, na baya suka cika wurin da hon. Ya leƙo ya daka mata tsawa, "Shiga ki wuce, 'yata! Wuce!"

Ta koma da gudu ta ja motar, Baba ya sake kamo gefen mayafinta. Ko godiya ba ta samu ta yi masa ba, kuma ba ta sake ganinsa ba.

A sauran hanyar tana ta yi wa Baba magana. Ta ce masa ga gidan mai sun wuce, ga kwanar asibiti, saura kaɗan. Fiton ƙirjinsa ya yi ƙasa, ta ɗauka sauƙi ne ya samu. Sai da ta tsaya a ƙofar sashen gaggawa ta juya, ta ga kansa ya jingina da ƙofa, hannunsa har yanzu yana riƙe da mayafinta.

Ma'aikata suka ɗauke shi da gudu. Ba a jima ba likita ta fito, wata mata mai sanyin murya, ta zaunar da ita a benci ta faɗa mata cewa Baba ya cika.

Daga baya Auta ta tambaya, "Likita, da mun iso da wuri fa?"

Likitar ta kalli ƙasa. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Yayanta, wanda ke aiki a wani gari, ya iso washegari. Ya yi kuka sosai, don yana son Baba. Amma da ya ga motar a ƙofar gida da madubi a karye, sai ya ce, "Auta, a wannan kika ɗauko shi? Wa zai ba wannan hanya?" Bai faɗa don ya ɓata mata rai ba. Ita kuwa maganar ta zauna mata a ƙirji, ta hana ta cin abinci.

Bayan masu zaman makoki sun watse, ya ce ta raka shi asibiti su karɓo kayan Baba da aka bari, sanda da hula da takalmi. Suka tafi a motarsa, wata doguwar jif mai sanyi da ƙamshi. Auta ba ta taɓa ganin titin daga wannan tsayin ba. Babu ƙara, babu hayaƙi, motoci suna buɗa musu tun kafin su nema.

A wata mahaɗa ta hango wata 'yar mota ja a bakin layi, siginarta na ƙiftawa. Wani mutum ne a ciki da yara biyu a baya, ya fito da hannu yana neman a bar shi ya shiga. Yaya yana ba ta labarin yadda Baba ya taɓa ɗinka masa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, yana dariya idonsa da hawaye, ya taka mai ya rufe gurbin.

"Yaya, da ka bar shi ya shiga."

"Wa?"

"Mai jar motar."

Ya duba madubi, ya duba gefe. "Wace mota? Ni ban ga kowa ba."

Ta kalle shi, ta ga da gaske yake. Sai hawaye suka zubo mata. Ya miƙo mata hankici, yana zaton labarin wandon ne ya sa ta kuka.

Da hutun makokinta ya ƙare ta kai motar wurin bakanike aka sa mata sabon madubi, ta koma aiki. Sai dai ta daina fita ta babban titi. Takan bi ta bayan unguwa, ta lungunan da ke da ramuka, ta isa makaranta a makare. Shugabar makarantar ta yi mata magana sau ɗaya, da ta ji dalili ba ta ƙara ba.