Yatsu Uku Sama da Sanda

Bututun ƙarfe mai ƙafa huɗu, naɗe da tsohon bargo. Farantan ƙarfe na ƙarƙashin mota. Jakar bol da noti. Injin huda, sifanoni, soson naɗe bututu. Sandar tsintsiyar Inna da aka cire wa kai. Sai Ɗan'auta a kujerar gefe, gwiwoyinsa sun tokare gaban motar.

Khalil ne ke tuƙi. Sun baro unguwar Nuzla ta birnin Jidda bayan azahar a motar ɗaukar kaya ta garejin da yake aiki, suka hau titin Madina suka yi arewa. Na'urar sanyin motar ta mutu tun bara. Duk tudun da suka taka, sai bututun ya yi ƙara a baya.

"A hankali, ya muhandis," in ji Ɗan'auta. "Kayan mutane ne."

"Sauke ƙafarka."

"In sa ta ina? A aljihu?"

Khalil ya ci gaba da tuƙi. Ya yi karatun injiniya a Turkiyya da fasfon Nijar da mahaifinsu ya yi masa kafin ya rasu, ya dawo da takardar shaidar karatu, ya samu kafilin da ya tsaya masa da iƙama, wato takardar izinin zama. Ƙanensa Ɗan'auta, wanda sunansa na yanka Badaru, bai taɓa barin Jidda ba. A Nuzla aka haife shi. Takardun uban suka mutu tare da uban, shi kuma ya tashi babu sunansa a ko'ina. Tsawo kaɗai ya gada.

Da za su fito, Inna ta tare Khalil a bakin ƙofa.

"Ina za ka kai mani sandar shara?"

"Awo zan yi da ita, Inna."

"Awon mi?"

"Mota."

Ta dube shi, ta dubi sandar, sannan ta matsa. A ƙauyensu na wajen Maraɗi, in mutum ya cika, kara ake yankowa a shimfiɗa a gefensa, a karya daidai tsawonsa, a aika wa masu haƙa. Tun suna yara ba ta yarda a gwada tsawon ɗayansu da sanda ko da wasa. Khalil ya taɓa shan mari a kan haka.

Motar da za a ɗaura wa ƙarfen tana Obhur, bakin teku, a gidan hutawar iyayen mai ita, wani yaro Balarabe mai suna Majid. Ƙaramar mota ce ta Japan mai kujera biyu, wadda ake cire wa rufi. Masu filin tseren da ke arewacin gari sun sa sabuwar doka: buɗaɗɗiyar mota ba za ta hau fili ba sai da ƙarfen kariya a bayan kujeru. Majid ya yi odarsa daga waje, irin wanda ake ɗaurewa da bol, ba walda. Gobe Juma'a da safe za a duba motoci, bayan la'asar a yi gudu.

Sunan Majid ne a jikin allo duk lokacin da aka yi gudu. Shi ke rajista, shi ke zama a kujera idan masu duba mota suka zo. In an gama sai ya shiga tanti ya canza kaya, wanda zai fito sanye da hular kwano mai baƙin gilashi kuwa Ɗan'auta ne, ya ɗan ranƙwafa har ya shige mota. Kofunan nasara biyu suna falon Majid. Khalil ya san wannan tun bara, ya yi shiru, don a lokacin a fili mai faɗi ake zagaye robobi, ba abin da za a buga. Sabon filin yana da kwana mai gangare da yashi a gefe. A watan jiya an jawo wata mota garejinsu daga wannan kwanar. Gilashin gaba ya lotse, saman ƙarfen kariyar ya goge har ya yi fari. Direban da ƙafarsa ya zo karɓar kayansa. Gajere ne.

Majid ya tarbe su da gajeren wando da kofin shayi. Yaro ne mai fara'a, bai kai kafaɗar Ɗan'auta ba.

"Ahlan, muhandis. Ahlan, Badar," ya ce da Larabci. "Ka ga kyansa? Sati nawa ina jira."

Khalil ya kwance bargon. Ƙarfen mai kyau ne, kauri daidai, walda mai tsabta. Suka cire rufin motar, suka ɗaga kafet ɗin bayan kujeru, suka zaunar da ƙafafun huɗu a gurbinsu. Bai huda komai ba tukuna. Ya ɗauko sandar.

"Zauna, ka sa hularka," ya ce wa Majid.

Majid ya zauna. Khalil ya ɗora kan sandar a saman gilashin gaba, ɗaya kan a saman bututun. In mota ta kife, a kan waɗannan wurare biyu take tsayawa. Duk abin da ya wuce layin sandar, shi zai fara taɓa ƙasa. Tsakanin hular Majid da sandar, tafin hannu na shiga har ya juya.

"Mumtaz," in ji Majid. "Haka za su yi gobe?"

"Haka za su yi. Fito." Ya juya ga ƙanensa, ya koma Hausa. "Kai kuma shiga."

Ɗan'auta ya yi dariya. "Ni? Da sanda? In Inna ta ji, sai ta tsine maka."

"Shiga."

"Ba a auna mai rai, ya akhi. Kai da aka mara ka manta?"

"Ban manta ba. Shiga."

Ya shiga. Ya sa hular, ya zame ƙasa a kujerar har gwiwoyinsa suka rungume sitiyari.

"Zauna yadda kake tuƙi. Ɗaura bel."

Ya ɗaura, ya miƙar da bayansa. Khalil ya ɗora sandar. Ta kama saman gilashi, ta hau kan hular, ta tsaya a nan. Ƙarshenta na baya yana lilo a iska, bai taɓa bututun ba. Khalil ya sa hannu a tsakani. Yatsu uku.

Daga gidan maƙwabta ana jin yara a cikin ruwa.

"A sauke kujerar," in ji Majid.

Khalil ya danna mazaunin da babban yatsa, ya ji ƙarfe. An riga an cire layin da kujerar ke tafiya a kai, an ɗaure ta a ƙasan motar, an yanke soson har ya kusa ƙarewa. Ya dubi ƙanensa. Ɗan'auta yana kallon sitiyari.

"Yaushe ka yi wannan?"

"Ranar Talata."

"Ka riga ka auna ke nan."

"Da ido."

Khalil ya koma Larabci. "Akwai mai tsawo. Kamfanin nan suna yin wanda ya fi wannan. A mayar da wannan, a jira."

"Na gani," in ji Majid. "Rufin ba ya rufuwa a kansa. Ni da motar nake fita shaƙatawa Kurnish, titin bakin teku, muhandis, ba zan yi yawo a buɗe cikin watan Agusta ba. Kuma gobe ne gudun ƙarshe na bana." Ya dafa kafaɗar Ɗan'auta ta saman ƙofa. "Badar ba ya kifewa. Ka taɓa ganin ya kife?"

"Wanda aka kawo mana ma bai taɓa ba."

"Allah ya tsare. Ka ɗaura kawai, halas." Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya shige cikin gida yana magana.

Ɗan'auta ya cire hular. Gumi ya jiƙa masa gashi.

"Kada ka ɓata mani wannan, Yaya."

Rabon da ya kira shi Yaya an daɗe.

"Wuyanka ne zai ɗauki motar. Ba ƙarfen ba. Ƙarfen na Majid ne, an yi shi daidai kansa."

"Komai ma na Majid ne. Sai yau ka sani?" Ya fito daga motar, ya tsaya, inuwarsa ta rufe Khalil. "Kai ka hau jirgi. Ka ga ƙanƙara, ka turo mana hoto. Ni in na ga fitilar 'yan sanda a unguwar Sharafiyya, lungu nake shiga kamar ɓera. Na wanke motocin mutane, na ɗauki kayan mahajjata, na sayar da ruwa a danja. A cikin hular nan kaɗai ba wanda ke tambayata iƙama. Suna tashi tsaye, wallahi. Suna tafi."

"Majid suke yi wa."

"Ni na san wa suke yi wa."

"To ba zan ɗaura ba."

"Kar ka ɗaura. Akwai bol a shagon kayan gini. Ni zan huda, in ɗaura kafin magariba."

Zai yi. Khalil ya san zai yi, kuma ya san yadda zai yi: bol mai laushi, ba faranti a ƙasa. Ranar da motar ta kife, ƙafafun ƙarfen za su ɓula ƙasanta kamar gwangwani, ko yatsu ukun ma ba za a yi maganarsu ba.

Ya ɗauko injin huda.

Aikin ya kai su har bayan la'asar. Ya yi alama, ya huda, ya shafa fenti a bakin kowane rami saboda gishirin iskar teku. Ya ɗaga motar, ya kwanta a ƙasa, ya sa farantan ta ƙarƙashi yadda ƙasan motar zai kasance a matse tsakanin ƙarfe biyu. Ɗan'auta yana sama yana riƙe kan bol, shi yana ƙasa yana ja. Ba su yi magana ba sai "riƙe" da "saki". Sun iya aiki tare. Mahaifinsu ya koya musu a kan tsofaffin motocin haya a unguwar Sa'alaba, kafin a raba su gida biyu, mai takarda da marar takarda.

Da ya fito daga ƙarƙashi, ya bi kowane noti da sifanar awo har ta yi ƙas. Ya naɗe bututun da soso. Ya kama shi da hannu biyu ya girgiza, motar gaba ɗaya ta girgiza tare da shi.

"Ka ga?" in ji Ɗan'auta. "Dutse."

Khalil ya sake ɗauko sandar ya ɗora a kan kujerar da ba kowa. Ta kwanta lafiya daga gilashi zuwa bututu.

"Ka ishe ni da sandar nan." Ɗan'auta ya fizge ta, ya sa a gwiwa ya karya. Ƙarar ta fi yadda ya zata. Ya tsaya da guntu biyu a hannu, yana kallonsu, dariyar da ya shirya ba ta fito ba. Su biyun uwa ɗaya ta haifa, sun san inda ake kai karyayyen kara.

Khalil ya karɓi guntayen daga hannunsa, ya kai bayan motar kaya ya ajiye a kan bargo. Ya tattara sifanoni. Ya share ɓarɓashin ƙarfe daga kafet. Majid ya leƙo, ya ɗauki hoton motar ta gefe uku, ya ce a gaida mai gareji, ya tuna wa Khalil cewa masu dubawa suna son wanda ya ɗaura ƙarfen ya zo da kansa ya nuna musu farantan. Khalil ya ce yana sane. Majid ya koma ciki.

"A nan zan kwana," in ji Ɗan'auta. "Da sassafe za mu ja motar. Ka ce wa Inna aiki ya riƙe ni."

Khalil ya shiga motar kaya, ya bar ƙofar a buɗe, ƙafa ɗaya a waje.

"Gobe za su sa Majid ya zauna, su ɗora sandarsu."

"Na sani."

"In sun gama zan ce ba shi zai tuƙa ba. Zan ce a auna mai tuƙin."

Ɗan'auta ya matso a hankali, ya dafa saman ƙofar. Ya yi ƙasa da murya duk da ba kowa a farfajiyar.

"Ka san abin da za su tambaye ni in na cire hula a gabansu."

"Na sani."

"Akwai 'yan sanda a bakin ƙofar filin. Tarhil za su kai ni, Yaya, gidan da ake tsare waɗanda za a kora. Su sa ni a jirgi."

"Kana son jirgi."

"Ban san kowa a Maraɗi ba. Hausata ma dariya za su yi mata."

"Za ka ji dariyar da kunnenka."

"Inna fa? Wa zai kai ta asibiti? Kai da ba ka da lokaci?"

"In ba ka zo filin ba, ba wanda zan kira. Majid ya tuƙa motarsa, ƙarfen ya ishe shi."

"Kafilinka zai kore ka. Baban Majid abokinsa ne."

"Wataƙila."

Ɗan'auta ya dubi ƙaramar motar. Rana ta sauka, tana haska sabon bututun ta gefe. Ya daɗe yana kallo.

"Zan zo," ya ce. "Kuma ba za ka iya ba. Na san ka. Bakinka ba zai buɗe ba, kamar bara."

Khalil ya janye ƙafarsa ciki. Ya jira har ƙanensa ya ɗauke hannu daga saman ƙofar, sannan ya ja ta ya rufe. Gilashin a sauke yake.

"Ba Ɗan'auta zan ce ba," ya ce. "Badaru zan kira, yadda kowa zai ji."