Ƙafar Gadon Malam

Da hantsi aka kira kafinta gidan wani tsohon malamin makaranta, wai gadonsa ya karkace. Tsohon shi kaɗai yake zaune tun rasuwar matarsa, sai dai 'yarsa takan leƙo shi in ta taso daga aiki.

Kafinta ya durƙusa ya shafa ƙafar gadon ta wajen kai. Ta sirance a tsakiya, saura ƙiris ta karye.

"Gara ce, Baba," ya ce.

"Gara daga ciki take ci, ta bar maka ɓawo," in ji tsohon. "Sake dubawa."

"To, ɓera."

"Ka kusa canka. Aikin ɓera gaigaya ne. Faɗi kalmar ka ji: gai-gai. Bakinka ma sai da ya koma sau biyu. Haka zaizaya, wadda ruwa ke yi wa ƙasa. A ganina, duk abin da ke ci a hankali, sunansa ma maimaita kansa yake yi. Cizo kuwa sau ɗaya ne, ka yi ƙara, a kawo magani. Ni ban taɓa tsoron cizo ba."

Kafinta ya yi dariya. "Ni dai katako na sani, Baba." Ya sa sabuwar ƙafa, ya kama gabansa.

Ba a jima ba aka sake kiransa. Sabuwar ma ta cinye. Wannan karon ya cire ta ya kai bakin taga, inda haske yake. Sawun haƙora ne, masu faɗi, irin na mutum. A tsakiyar kowane sawu akwai ɗan siririn layi da haƙorin bai taɓa ba. Ya waiwaya ya dubi tsohon: bakinsa ba haƙori ko ɗaya. Sai idonsa ya faɗa kan hoton marigayiya a bango, tana murmushi, wushiryarta a fili.

"Halinta ne tun tana amarya," tsohon ya ce, kamar mai zancen ruwan sama. "In abu ya dame ta ba ta magana. Sai ta kama gindin fensirina ta yi ta gaigaya."

"Baba, a kawo maka gadon ƙarfe mana," in ji kafinta.

"In ta zo ba ta samu katako ba fa, ɗana? Me kake so ta kama?"

Daga ranar, kafinta yakan zo ya canza ƙafar ba tare da an aika masa ba. Amma 'yar ta gaji. Ta sayo gadon ƙarfe, ta fitar da duk abin katako, har kujera da tebur, ta barbaɗa maganin ɓera a kowane lungu. Tsohon ya riƙe mata hannu yana roƙo.

"Baba, don Allah ka bar wannan magana," ta ce. "Mutane za su ce ka ruɗe."

Kafinta yana tsaye a wurin. Ya tattara kayan aikinsa, ya fita.

Sai tsohon ya fara ramewa. An kai shi asibiti, aka duba, ba a ga komai ba. Da kafinta ya je gaishe shi, ya tarar da wuyan hannunsa ya zama kamar tsinke, fatar kuwa lafiya lau, ko ƙwarzane babu.

"Ba zafi," tsohon ya raɗa masa. "Ina ta neman sunan wannan irin cin, na rasa."

Bai daɗe ba ya rasu.

Bayan an share makoki, 'yar ta dawo gidan da zama ita da 'ya'yanta. Wata rana da azahar kafinta yana goge allo, ya ɗaga kai ya gan ta a ƙofar shago. Idanunta sun faɗa. Ta daɗe tana kallon tarin guntaye a ƙasa kafin ta yi magana.

"Kana da katako mai laushi?"

Bai tambaye ta komai ba. Ya zaɓo wanda ya fi laushi, ya cire ƙusar da ke jiki, ya miƙa mata. Ta rufe shi da mayafi, ta juya da sauri, ko sallama ba ta yi ba.